Kaka biyu da pybind11 a siton Kawu

Kawuna yana da sito a nan Garwa, ta wajen hanyar da ke gangarawa gadar Binuwai. Da kaka manoma da 'yan sari daga Pitowa da Ngong da Lagdo suna kawo masara da gyaɗa da wake su ajiye, sai bazara ta kama, kaya sun yi daraja, su zo su ɗauka ko su sa a sayar musu. Aikin siton bai wuce abu uku ba: a auna buhu, a rubuta na wane ne, a lissafa kuɗin ajiya ranar da zai fita. Amma duk wanda ya taɓa zama a bakin sikeli ranar da kaya suka yi yawa ya san nan ne zumunci ke ɓaci idan lissafi ya karkace.

A 2019 na rubuta masa manhaja da C++. Tana zaune cikin wata 'yar kwamfuta Raspberry Pi 3, mai ƙwaƙwalwar giga 1, wadda muka haɗa da batir da faifan sola saboda wutar gari takan ɗauke. Manhajar tana karɓar nauyi kai tsaye daga sikeli ta waya, ta rubuta a littafinta, ta tura wa 'yar na'urar buga rasit. Shekara huɗu tana yi ba ta gajiya. Matsalar ba daga gare ta take ba, daga dokokin sito take. Bana Kawu ya ce a cire rabin kilo na nauyin buhu, baɗi ya ce kilo ɗaya saboda an sauya irin buhunan. Wata rana ya ce wanda ya ajiye sama da buhu 50 a rage masa kuɗin wata. Wata rana kuma wani tsohon abokin cinikinsa ya rasu, ya ce kayan marayun kada a lissafa musu komai. Kowace irin wannan magana, ni ake kira. In hau babur cikin ranar Garwa, in buɗe kod, in gyara layi biyu, sannan in zauna jiran na'ura ta harhaɗa shi.

Ga wanda bai saba ba: C++ harshe ne da sai an harhaɗa abin da ka rubuta, an mayar da shi umarnin da na'ura ke ganewa, kafin ya yi aiki. Kamar ginin bulo yake, yana da ƙarfi, amma in kana son matsar da ƙofa sai an kira magini. Python kuwa ana karanta shi ne yayin da ake aiki, ka gyara layi ka sake kunnawa shi ke nan, kamar zanar da ka kewaye gida da ita. Abin da nake nema shi ne in bar ginin yadda yake, in sa zana a ciki: sikeli da littafi da rasit su zauna a C++, dokokin Kawu su koma wani fayil na Python wanda ɗansa, taubashina da ke karatu a jami'ar Marwa, zai iya gyarawa ko ba na nan. Sharaɗin dai ɗaya ne, buhun da C++ ya rubuta shi ne buhun da Python zai taɓa, ba wani mai kama da shi ba.

Na duba hanyoyi kafin in tsaya a kan pybind11, wani laburare (wato shiryayyen kod da ake saukewa a yi amfani da shi) mai haɗa C++ da Python. Harshen Lua, wanda aka ƙirƙira a Brazil a 1993, don irin wannan aikin aka yi shi, kuma ya fi Python sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Da ni kaɗai ne da shi zan ɗauka. Amma taubashina Python ya iya, shi ake koya musu, kuma ranar da ya gama karatu ya tafi Yawunde neman aiki, samun wani yaron da ya iya Python a Garwa ya fi samun mai Lua sauƙi. SWIG, wani kayan aikin haɗa C++ da wasu harsuna, ya daɗe, tun shekarun 1990, amma yana son a rubuta masa wani fayil daban da harshensa, shi kuma ya haifar maka da kod mai yawa da ba ka son karantawa. Boost.Python shi ne kakan wannan salon, sai dai jan Boost, babban tarin laburaren C++ da yake ciki, gaba ɗayansa kan 'yar kwamfutarmu ɗaukar dala ba gammo ne. Shi pybind11 Wenzel Jakob ne ya fara shi a 2015, malami ne a makarantar fasaha ta EPFL da ke Lozan a Suwizalan, kuma salon Boost.Python ya bi, amma ya dogara da abin da C++11, sigar C++ ta 2011, ya zo da shi don ya rabu da wancan nauyin. Fayilolin kai ne zalla, waɗanda kake jawowa cikin kod ɗinka kai tsaye, babu wani laburare da za ka harhaɗa daban. Kyauta ne, da lasisin BSD. Sauke shi bai ci mini mega 1 na data ba, kuma wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manyan ayyuka irin su PyTorch suna amfani da shi, abin da ya kwantar mini da hankali cewa ba gobe za a watsar da shi ba. Siga ta 2.11, wadda ta fito a 2023, da ita na fara.

Daren farko ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ina da aji mai suna Buhu a C++, wato tsarin da ke bayyana kowane buhu a cikin manhajar, mai ɗauke da sunan mai kaya, irin hatsi, nauyi, ranar shiga, da kuɗin ajiya. Layi kamar goma na rubuta, kowanne yana cewa wannan ɓangaren Python zai iya gani, wannan zai iya canzawa. Na kunna Python a cikin manhajar da `py::scoped_interpreter`, na jawo fayil ɗin `dokoki.py`, na kira aikin da ke ciki, wato guntun kod mai suna da ke yin lissafin. Kafin a kira sallar isha'i sai ga sunan manomi da nauyin buhunsa suna fitowa daga bakin Python. Na koma gida ina ganin aiki ya ƙare.

Washegari aka kawo masara daga Ngong. Kawu ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya ciza, ya ce ba ta gama bushewa ba, a cire kilo biyu a kowane buhu. Taubashina ya riga ya rubuta dokar: in akawu ya danna cewa akwai danshi, a ƙara biyu a kan abin cirewa. Ya kuma sa Python ya nuna sakamakon a allo don mu gani. Aka ɗora buhu, sikeli ya ce 102. Allo ya nuna 99, wato an cire ɗaya na buhu da biyu na danshi. Rasit ya fito da 101.

Kawu ya riƙe takardar, ya dubi allo, ya dube ni. Ya ce, "To ɗan nan, wanne zan kama, allo ko takarda?"

Na ce, "Kawu, a ba ni zuwa la'asar. Yau a rubuta da hannu."

Manomin yana tsaye yana kallonmu, 'yan dako sun jingina da bango. Babu wanda ya ce uffan, amma na san abin da ke zuciyar kowa, domin a sito takarda ita ce shaida.

Abin da ya faru ga shi. Layin da na rubuta shi ne `dokoki.attr("lissafa")(buhu)`. Idan ka miƙa wa Python abu haka tsurarsa, pybind11 kwafinsa yake yi ya miƙa. Python ya karɓi kwafin, ya cire kilo biyu a jikinsa, ya nuna a allo, aiki ya ƙare ya yar da shi. Buhun asali yana nan a C++ ko ƙura ba ta taɓa shi ba, kuma daga shi aka buga rasit. Gyaran harafi ɗaya ne: `(&buhu)`. Wannan alamar tana nufin ba buhun nake ba ka ba, adireshinsa nake nuna maka, je ka taɓa shi inda yake. Da aka miƙa manuni, wato wannan adireshin, sai pybind11 ya naɗe buhun asali ba tare da kwafi ba. Kafin la'asar allo da takarda suka yi baki ɗaya.

Wannan hali a rubuce yake cikin littafin jagorar pybind11, ni ne ban kai shafin ba kafin in fara. Kuma da na zauna na yi tunani sai na ga dalilinsa. C++ da Python gida biyu ne masu al'ada daban kan rayuwar abu. A Python kowane abu yana da ƙidaya ta hannuwan da ke riƙe da shi, ranar da ƙidayar ta koma sifili sai a share shi. A C++ babu mai ƙirga maka, abu yana rayuwa ne iya lokacin da mai shi ya ba shi, ana fita daga aikin da ya haife shi ko mai shi ya goge shi, ya tafi. To in abu zai tsallaka daga wannan gida zuwa wancan, dole a amsa tambaya: na wa ne, kuma wa zai share shi? pybind11 ba shi da hanyar sanin amsar daga kod ɗinka, sai ya zaɓi kwafi a inda yake ganin kwafi ba zai kashe manhaja ba.

Ni da na tashi a sito, wannan tambayar ba baƙuwa ba ce a wurina. Buhun da ke cikin siton Kawu iri-iri ne. Akwai wanda aka sayar masa, ya zama nasa. Akwai ajiya, yana hannunsa amma na wani ne. Akwai samfur, ɗan mudun da dillali ke ɗauka ya kai kasuwa ya nuna, wanda ko ya zubar da shi babu abin da ya sami buhun. pybind11 yana da tsare-tsare bakwai na miƙa abu, sunansu `return_value_policy`, kuma da haka na fahimce su. `copy` samfur ne. `take_ownership` sayarwa ce, abu ya zama na Python, shi zai share shi. `reference` aro ne, Python ya taɓa amma sharewa ta C++ ce. `reference_internal` aro ne da sharaɗi: muddin kana riƙe da buhun, ba za a rushe siton da yake ciki ba. `move` kuwa juye kayan ne cikin sabon buhu, tsohon ya zama fanko. Sauran biyun su ne masu zaɓa maka da kansu idan ka yi shiru, kuma a nan ne na sake faɗuwa.

Taubashina ya nemi hanyar da zai nemo buhu da lambarsa daga cikin Python, don dokar masu buhu sama da 50. Ina da aiki a C++ mai suna `nemo`, yana dawo da manunin buhun. Na buɗe masa shi da layi ɗaya, ban faɗi wani tsari ba. A raina manuni aro ne, tunda na ga haka ranar rasit. Ashe hanyar ba ɗaya ba ce. Idan C++ ne ya kira Python ya miƙa masa manuni, aro ne. Amma idan Python ne ya kira aikin C++, aikin ya dawo da manuni, pybind11 yana ɗauka an sayar wa Python ne. Python ya gama da buhun, ƙidaya ta koma sifili, ya share abin da ba nasa ba.

Ranar babbar mota tana ƙofa ana lodin gyaɗa zuwa Ngaundere. Manhajar ta mutu tsaye, baƙin allo da layi ɗaya: `free(): invalid pointer`. Na sake kunnawa, ta yi buhu huɗu ta sake mutuwa. Direba yana son ya fita kafin rana ta take, akawu ya koma biro da takarda, ni kuma ina tsugune bayan teburi gumi yana ɗiga kan madannai. Abin da ya ƙara rikita ni, ba kowane kira ke kashe ta ba. Daga baya na karanta cewa waɗannan tsare-tsaren suna aiki ne kawai a kan abin da pybind11 bai taɓa gani ba. In buhun yana hannun Python tun farko ta wata hanyar, sai a dawo maka da wanda ake riƙe da shi, ba a duba tsari. Shi ya sa buhun da ke kan sikeli ba ya kawo matsala, sai waɗanda ke can cikin littafi.

A nan ina da ƙorafi na gaskiya kan zaɓin da aka yi. A irin kod ɗin da mu ke rubutawa, aikin da ke dawo da manuni kusan kullum aro yake bayarwa. Da an bar ni, na fi son laburaren ya ƙi harhaɗuwa har sai na faɗi da bakina na wa ne abin. Littafin jagorar ya yi gargaɗi a kan wannan da babbar murya, har da misali, amma gargaɗin da ke cikin littafi ba ya tsayar da hannun mai sauri. Shawarata ga duk wanda zai fara: duk inda manuni zai tsallaka, rubuta tsarin da hannunka, ko da ka tabbata wanda za a zaɓa maka daidai ne.

Na sa `reference_internal`, mutuwar ta tsaya. Mako uku lafiya lau. Sai wata safiya akawu ya kira ni ya ce wani buhun wake yana nuna nauyin da ko mota ba ta kai ba, lambobi sun cika layi. Wannan karon laifin tsarin da na gina ne tun 2019. Buhunan suna jere ne cikin `std::vector`, shi kuma vector idan ya cika sai ya nemi fili mafi girma a ƙwaƙwalwa, ya kwashe komai ya koma can. Taubashina ya ajiye wasu buhuna cikin wani jeri na Python don ya riƙa tara lissafin kowane manomi. Da aka yi ƙaura, adireshin da ke hannunsa ya zama na kango. `reference_internal` ya cika alkawarinsa, siton bai rushe ba, amma bai taɓa cewa zai hana a matsar da buhu a cikin sito ba. Na gano shi ne da na harhaɗa manhajar a kwamfutar cinyata da AddressSanitizer, kayan aikin gano kurakuran ƙwaƙwalwa, wanda ya nuna mini layin da aka saki filin da layin da aka dawo aka taɓa shi.

Maganin da ya zaunar da komai shi ne `std::shared_ptr`. Shi ma ƙidaya yake yi irin ta Python, amma a ɓangaren C++. Na mayar da vector ɗin ya riƙa ɗaukar waɗannan maimakon buhunan kansu, na kuma faɗa wa pybind11 a wurin bayyana ajin cewa da shi za a riƙe Buhu: `py::class_<Buhu, std::shared_ptr<Buhu>>`. Yanzu ko vector ya yi ƙaura, 'yan manunan ne ke tafiya, buhunan suna nan inda suke, kuma babu wanda za a share muddin ɗaya daga cikin gidajen biyu yana riƙe da shi. Tun ranar ban sake ganin baƙin allo ba. Da na san haka, da nan zan fara. Abin kula kawai, in ka zaɓi wannan hanyar ka bi ta ko'ina, kada wani aikin ya dawo da tsuran manuni na abin da shared_ptr ke riƙe da shi, domin za a iya samun masu shi biyu da ba su san juna ba.

Akwai wani ƙaramin tarko da ya kama taubashina. Kowane buhu yana da jerin bayanai, irin su "an sake ɗinki" ko "an sa magani". Na saka `pybind11/stl.h`, wanda ke mayar da vector ya zama jerin Python kai tsaye, abin sha'awa. Ya rubuta `buhu.bayanai.append("an sa magani")`, babu kuskure, babu ƙorafi, kuma babu abin da ya shiga. Ya turo mini saƙo: "Yaya, na sa amma in na duba ba na gani." Duk lokacin da ka ce `buhu.bayanai`, sabon kwafi ake yi maka, ka ƙara a kansa, ya ɓace. Akwai hanyar hana wannan da `PYBIND11_MAKE_OPAQUE` tare da `py::bind_vector`, sai vector ɗin ya tsallaka da kansa ba tare da an juya shi ba. Na gwada, yana aiki, amma sai ka tabbata ka sa wannan sanarwar a kowane fayil da ke taɓa irin vector ɗin. Daga ƙarshe na ga ya fi mini sauƙi in buɗe aiki ɗaya, `ƙara_bayani`, in mayar da jerin na kallo kawai.

Na daɗe a kan wahalhalu, to bari in faɗi abin da ya sa har yau ban sauya shi ba.

Na farko, yana ba ni ikon kulle abin da bai kamata a taɓa ba. Nauyin da sikeli ya faɗa na buɗe shi da `def_readonly`. Babu dokar Python da za ta iya canza shi, duk wanda ya gwada kuskure zai tashi. Abin cirewa kuwa na bi da shi ta `def_property`, da ɗan bincike a C++ wanda ke ƙin duk lambar da ta wuce kilo biyar ko ta gaza sifili. Wannan ni a wurina ya wuce fasaha, maganar amana ce. Da na yi wa Kawu bayani cewa ko ɗansa ba zai iya taɓa abin da sikeli ya faɗa ba, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ya kamata." Haka kuma idan ka yi kuskuren rubuta sunan wani ɓangare, ka ce `kudin_ajya` maimakon `kuɗin_ajiya`, ba ya ƙirƙiro maka sabo a ɓoye kamar yadda ajin Python na yau da kullum ke yi, nan take yake tsayar da kai, sai dai in kai ka buɗe wannan ƙofar da `py::dynamic_attr`.

Na biyu, yadda kuskure ke tsallaka iyaka. In taubashina ya manta wata alama a fayil ɗinsa, Python ya yi ƙorafi, ƙorafin yana isowa C++ a matsayin `py::error_already_set`. Ina kama shi, in nuna saƙon a allo da lambar layin, in hana buga rasit, manhajar kuma ta ci gaba da rayuwa. Ta ɗaya ɓangaren ma haka, in binciken kilo biyar ɗin nan ya jefa `std::invalid_argument`, Python yana ganinsa a matsayin `ValueError` da saƙon Hausar da na rubuta. Ban rubuta ko layi ɗaya don wannan fassarar ba.

Sai haruffanmu. Littafin siton cike yake da sunayen Hausawa da Fulani da sauran maƙwabta, da ƙ da ɗ da ɓ da ŋ, ga kuma é na Faransanci. pybind11 yana ɗaukar kowane rubutun C++, wato `std::string`, a matsayin UTF-8, tsarin da ke ɗaukar duk waɗannan haruffan, sunayen suna wucewa lafiya, har sunayen ayyuka masu ƙugiya irin `ƙara_bayani` Python 3 yana karɓa. Inda aka sami tangarɗa shi ne wasu tsofaffin sunaye da na kwaso daga wani tsohon fayil mai tsarin Latin-1. Da Python ya zo kansu sai `UnicodeDecodeError` ya tashi. Na ji daɗin hakan, domin ya nuna mini datti da ya shekara huɗu a littafin ban sani ba, na gyara su rana ɗaya.

Maganar zare, wato layin aiki da ke gudana gefe da gefe da wani a cikin manhaja ɗaya, ba zan ja ta ba. Sikelin yana da zarensa daban a C++, Python kuma yana da wani makulli, GIL, wanda zare ɗaya ne ke riƙe shi a lokaci guda. Duk zaren da zai taɓa abin Python sai ya karɓi makullin da `py::gil_scoped_acquire`, wanda ke riƙe da shi kuma sai ya saki. Na kauce wa rigimar gaba ɗaya: zaren sikeli ba ya magana da Python, yana ajiye nauyi ne kawai, babban zare ya ɗauka ya kira dokoki.

Abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harhaɗawa. Sauƙin rubutun nan da na yaba, maharhaɗi ne ke biyan kuɗinsa. A kan 'yar kwamfutar mai giga 1, fayil ɗin da ke ɗauke da haɗin pybind11 ya fi duk sauran manhajar cin lokaci, har akwai ranar da ƙwaƙwalwa ta cika aikin ya tsaya. Sai da na raba shi gida uku, kamar yadda jagorar ta ba da shawara, na kuma ƙara wa na'urar filin aro a kan katin ajiya. In kuma ka yi kuskure a layin haɗi, saƙon da maharhaɗi zai zubo maka yakan cika allo da yawa, abin da kake nema yana can tsakiya. Na koyi in nemi layin farko da ya ambaci sunan fayil ɗina in bar sauran. Shi kansa Wenzel Jakob ya fitar da wani laburaren, nanobind, a 2022, mai buƙatar C++17, da nufin rage lokacin harhaɗawa da girman abin da ke fitowa. Wanda zai fara sabon aiki ya kamata ya leƙa shi. Littafin jagorar pybind11 kuma da Turancin Ingilishi yake, mu da muka yi boko da Faransanci sai mun bi shi a hankali. Rubutun a fili yake, misalan suna da kyau, amma shafin da ke bayanin mallakar abu sai da na karanta shi sau uku, kuma na ga da a farkon littafin aka sa shi da ya fi amfani.

Wa zan ba shawarar ya ɗauka? Wanda yake da manhajar C++ da ke aiki, yana son ya buɗe wa wasu ƙofa su sa hannu ba tare da sun taɓa gininta ba. Ko mai Python da wani lissafi ya yi masa nauyi yana son ya sauke shi a C++. Amma wanda bai riga ya gane bambancin abu da manuninsa a C++ ba, ya tsaya ya koyi wannan tukuna, domin pybind11 ba zai ɗauke masa wannan karatun ba, zai dai jinkirta ranar da za a tambaye shi. In kuwa 'yan ayyukan harshen C biyu ko uku ne kawai kake son kira, masu karɓar lamba su dawo da lamba, `ctypes` da ke zuwa tare da Python ya ishe ka.

Makon jiya aka fara kawo waken suya, abin da siton bai saba karɓa ba. Kawu ya yanke kuɗin ajiyarsa daban, ya ce kuma watan farko kyauta ne don a jawo masu shi. Taubashina yana Marwa. Ya rubuta layi huɗu, ya turo mini ta WhatsApp ya ce, "Yaya, duba mini kafin a sa." Na duba a wayata ina zaune a gida, na gyara masa wuri ɗaya inda ya lissafa wata da kwana 31 alhali Kawu da 30 yake lissafi, akawu ya kwafa fayil ɗin ya sake kunna na'ura. Buhun farko ya hau sikeli, allo ya ce 98, takarda ta ce 98. Siga ta 3.0 ta fito a 2025 da wani sabon mariƙi, `py::smart_holder`, wanda aka yi don sauƙaƙa wannan maganar ta mallaka tsakanin ɓangarorin biyu. Na sauke ta a kwamfutar cinyata, amma ba zan kai ta sito ba sai damina ta sauka, kaya sun ragu, ranar da in abu ya tsaya babu motar da ke jira a ƙofa.